Marsandi 300 SLR: Tsere Shida, Nasara Biyar, Da Ranar Baƙin Ciki Guda

Ran 5 ga watan Mayu na shekarar 2022, aka gayyaci waɗansu attajirai 'yan kaɗan zuwa gidan adana kayan tarihi na kamfanin Mercedes-Benz da ke birnin Stuttgart a ƙasar Jamus, aka yi gwanjon wata tsohuwar mota mai kujera biyu wadda aka ƙera tun cikin 1955. Da ciniki ya faɗa, sai ga shi an saye ta a kan Yuro miliyan 135. Kafin wannan rana, kuɗi mafi yawa da aka taɓa biya don mota a wurin gwanjo shi ne dalar Amurka miliyan 48.4, wanda aka sayi wata Ferrari 250 GTO cikin 2018. Watau ke nan tsohuwar nan ta kusa ninka wancan kuɗi sau uku.

Babu shakka mai karatu zai so ya san abin da ke jikin motar har ta yi wannan tsada. Abin mamaki shi ne, ita wadda aka sayar ɗin ba ta taɓa shiga tsere ba ko sau ɗaya. Darajar 'yan'uwanta ta ci. Sunan irin motar 300 SLR, guda tara kaɗai aka ƙera, bakwai marasa rufi, biyu masu rufi. Marasa rufin su ne suka yi tsere, kuma duk rayuwarsu a fagen gasa ba ta cika wata shida ba, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Oktoba na 1955. A cikin wannan ɗan lokaci Marsandin nan ta shiga tsere shida, ta ci biyar. Na shidan kuwa shi ne wanda mutum fiye da 80 suka rasa rayukansu, haɗarin da har yau ba a yi kamarsa ba a tarihin tseren motoci.

Asalinta

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare cikin 1945 ya bar masana'antun kamfanin Daimler-Benz a rushe, domin jiragen yaƙi sun yi musu ruwan bama-bamai. Shekara bakwai bayan haka kamfanin ya koma fagen tsere da mota mai suna 300 SL, ya ci gasar Le Mans ta ƙasar Faransa cikin 1952. A 1954 kuma ya fito da motar W196 a gasar da ake kira Formula One, wadda shahararren direban nan na ƙasar Ajantina, Juan Manuel Fangio, ya zama zakaran duniya da ita.

Motocin Formula One kujera ɗaya gare su, tayoyinsu a waje suke, kuma a kan keɓaɓɓen fili suke zagayawa. Amma akwai wata gasar ta duniya ta motoci masu kujera biyu da fitilu, waɗanda ake doguwar tafiya da su, sau da yawa ma a kan hanyoyin da jama'a ke bi kullum. Wannan gasa ita ce kamfanin ya sa wa ido cikin 1955, domin motocinta sun fi kama da waɗanda ake sayarwa a kasuwa.

Mutum biyu ne ke kan gaba a aikin. Na farko shi ne injiniya Rudolf Uhlenhaut, wanda aka haifa a Landan cikin 1906, ubansa Bajamushe, uwarsa 'yar Ingila. An san shi da cewa shi da kansa yake gwada motocin da ya ƙera, kuma gudun da yake yi da su bai yi nisa da na ƙwararrun direbobi ba, saboda haka ba ya jiran a ba shi labarin inda matsala take. Na biyu shi ne Alfred Neubauer, shugaban ƙungiyar tseren, mutum mai jiki da tsananin son tsari, wanda tun cikin shekarun 1920 ya ƙago dabarar aika wa direba saƙo da alluna da tutoci yana cikin gudu.

Yadda Aka Ƙera Ta

Lambar 300 tana nufin girman injin, watau lita uku. Baƙaƙen SLR kuma farkon kalmomin Jamusanci ne guda uku masu ma'anar wasa, da rashin nauyi, da tsere. Ko da yake sunan ya yi kama da na 300 SL wadda ake sayarwa, a ƙarƙashin bodi motar W196 ce aka faɗaɗa, aka ƙara mata kujera, aka ƙara girman injinta daga lita biyu da rabi.

Injin yana da silinda takwas a jere, kuma an kishingiɗar da shi gefe guda don kada gaban motar ya yi tudu ya riƙa tare iska. Abu biyu ne suka bambanta shi da sauran injunan zamaninsa. Na ɗaya, ba shi da kafireta. Famfo ne na kamfanin Bosch yake fesa mai kai tsaye cikin kowace silinda, dabarar da Jamusawa suka ƙware a kanta wajen injunan jiragen sama. Na biyu shi ne yadda bawul ɗinsa ke aiki. A injin da aka saba gani, ƙarfe ne ke danna bawul ya buɗe, sa'an nan sifirin ya mayar da shi ya rufe. To, idan juyin injin ya tsananta, sifirin yakan kasa cim ma saurin, ko ma ya karye. Sai injiniyoyin Marsandi suka cire sifirin ɗin, suka sa wani ƙarfen na biyu ya riƙa rufe bawul da ƙarfi kamar yadda na farko ya buɗe shi. Da haka injin yake iya juyi fiye da 7,000 a minti guda, yana ba da ƙarfin doki kimanin 300.

Ƙashin motar kuwa siraran bututun ƙarfe ne aka yi wa walda kamar kejin tsuntsu. A bisansu aka ɗora bodi na wani ƙarfe marar nauyi da ake kira Elektron, wanda mafi yawansa maganiziyam ne. Saboda haka duk nauyin motar bai wuce kimanin kilo 900 ba, gudunta kuma yakan kusa kilomita 300 a sa'a. Mai karatu ya riƙe maganar maganiziyam ɗin nan a zuciya, domin za mu dawo kanta.

Mil Dubu A Italiya

Gwajin farko shi ne tseren Mille Miglia, watau Mil Dubu da harshen Italiyanci. Akan tashi daga garin Brescia a arewacin ƙasar, a gangara kudu har Roma, a juyo ta kan duwatsu a komo Brescia, tafiyar kilomita 1,597 a kan hanyoyin gwamnati, ta tsakiyar garuruwa da ƙauyuka, jama'a na tsaye a bakin titi. Motoci fiye da 500 suka shiga a wannan shekara, ana sakin su ɗaya bayan ɗaya tun daga dare, kuma lambar da ke jikin kowace mota ita ce lokacin tashinta. Motar Stirling Moss, wani saurayi ɗan Ingila mai shekara 25, lambarta 722, domin da ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyu na safiyar 1 ga Mayu ta tashi.

Direbobin Italiya sun san hanyar nan tun suna yara, baƙo kuwa ba ya iya haddace kwana dubbai. Maganin da Moss ya samo shi ne ɗaukar wani ɗan jarida mai gemu da tabarau, Denis Jenkinson, ya zauna kusa da shi. Kafin ranar tsere sun bi hanyar sau da yawa, Jenkinson yana rubuta kowace kwana, da kowane tudu, da kowace gada, da gudun da ya dace a shiga su. Ya tattara duka a kan doguwar takarda mai tsawon ƙafa 18, ya naɗe ta cikin ɗan akwatin ƙarfe mai taga, yana murzawa yana karantawa. Da yake ƙarar injin ba ta barin a ji magana, da hannu yake yi wa Moss ishara. Idan suka tunkari tudun da ba a ganin bayansa, Jenkinson ya nuna cewa hanya a miƙe take, sai Moss ya haye shi da gudun fiye da kilomita 250 a sa'a ba tare da ɗaga ƙafa ba. Kuskuren layi ɗaya a takardar nan ya isa ya hallaka su duka biyu.

Mutanen Italiya suna da wata magana cewa wanda ya riga kowa isa Roma ba ya cin tseren a Brescia. Moss shi ne kan gaba a Roma, kuma shi ne ya ci. Ya gama tafiyar cikin sa'a 10 da minti 7 da daƙiƙa 48, watau matsakaicin gudun kilomita 157.65 a sa'a, har da tsayawar shan mai da sauya taya da hawan duwatsu. Fangio, wanda ya tuƙa irin motar shi kaɗai ba mataimaki, ya zo na biyu da ratar kimanin rabin sa'a. Ba wanda ya sake yin wannan gudu a Mille Miglia, ba kuma wanda zai yi, domin an soke tseren bayan na 1957, sa'ad da wata Ferrari ta kauce hanya ta kashe direbanta da mataimakinsa da 'yan kallo tara.

A ƙarshen watan Mayu aka je filin Nürburgring a Jamus, Fangio ya zo na ɗaya, Moss na biyu. Daga nan kowa ya mai da hankali ga Le Mans.

Ranar Asabar, 11 Ga Yuni

Tseren Le Mans na sa'a 24 ne, daga ƙarfe huɗu na yammacin Asabar zuwa ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi, direbobi biyu suna karɓa-karɓa a kowace mota. Marsandi ta kawo mota uku. Babbar abokiyar hamayyarta ita ce Jaguar ta Ingila, wadda ke da sabon birki mai faifai da ya fi birkin Marsandi mai ganga kamawa da jure zafi. Don cike wannan giɓi Uhlenhaut ya sa wa motocinsa wani faffaɗan murfi a bayan direba, wanda ke tashi tsaye ya tare iska idan ana so a rage gudu.

Ɗaya daga cikin motocin, mai lamba 20, an ba da ita ga Pierre Levegh, Bafaranshe mai shekara 49, tare da John Fitch ɗan Amurka. Levegh gwarzo ne a wurin mutanen ƙasarsa, domin cikin 1952 ya tuƙa mota shi kaɗai kusan sa'a 23 yana kan gaba, sai a sa'ar ƙarshe injinsa ya lalace, Marsandi ta samu nasara. Ba shi kujera a motar Jamusawa alama ce ta girmamawa da neman sulhu, shekara goma bayan yaƙi.

Filin kuwa bai canja sosai ba tun 1923, lokacin da gudun motoci bai fi kimanin kilomita 100 a sa'a ba. Hanyar da ta bi ta gaban rumfunan makanikai ƙunci gare ta, babu katanga tsakanin masu tsayawa da masu wucewa a guje, kuma abin da ya raba titi da dubban 'yan kallo ɗan tudun ƙasa ne da bai wuce ƙirjin mutum ba.

Sa'a biyu na farko Fangio da Mike Hawthorn na Jaguar suka yi ta fafatawa kamar tseren ba zai wuce magariba ba. Da ƙarfe shida da minti ashirin da shida, Hawthorn ya wuce wata ƙaramar mota Austin-Healey da Lance Macklin ke tuƙawa, nan take ya taka birki don ya shiga rumfa ta hannun dama. Macklin ya karkata hagu don kada ya buge shi, sai ya faɗa gaban Levegh wanda ke tafe da gudun fiye da kilomita 200 a sa'a. Marsandin ta hau bayan Austin-Healey, ta tashi sama, ta faɗa kan tudun ƙasar nan ta tarwatse. Injin, da lagireto, da ƙafafun gaba, da murfin injin suka kutsa cikin taron jama'a. Tankin mai ya kama wuta, zafinta ya kunna bodin maganiziyam, da masu kashe gobara suka watsa ruwa sai wutar ta ƙara tashi, domin haka halin wannan ƙarfe yake. Levegh ya mutu nan take tare da 'yan kallo fiye da 80, wasu fiye da 100 suka ji rauni. Fangio, wanda ke biye da shi, ya ratsa ta tsakanin motocin ya tsira, kuma daga baya ya ce Levegh ya ɗaga masa hannu don gargaɗi kafin karon.

Hukumar filin ba ta tsai da tseren ba. Hujjarta ita ce, idan taro mai yawa haka ya watse a lokaci guda, zai toshe hanyoyin da motocin asibiti ke bi. Fitch ya matsa wa shugabannin Marsandi su janye, amma sai da aka nemi izinin daraktocin kamfanin a Stuttgart. Da ƙarfe biyu saura kwata na dare Neubauer ya kira motocinsa biyu da suka rage, alhali ta Fangio da Moss tana kan gaba da zagaye biyu. Jaguar ba ta janye ba, Hawthorn da abokinsa Ivor Bueb suka ci tseren.

Abin Da Ya Biyo Baya

Binciken da gwamnatin Faransa ta yi bai ɗora laifi a kan wani direba ba, fasalin filin ya zarga. Ƙasashen Faransa da Jamus ta Yamma da Sifen da Suwizalan suka soke manyan tserensu na wannan shekara. Suwizalan ma ta kafa dokar hana tseren zagaye a ƙasarta, dokar da ta daɗe har sai a 2018 aka yarda aka yi gasar motoci masu aiki da lantarki a birnin Zurich. A Le Mans aka rushe rumfunan makanikai da wuraren zaman 'yan kallo, aka faɗaɗa hanya kafin tseren 1956. Shi kuwa John Fitch, wanda da shi ne zai karɓi motar Levegh, ya ba da yawancin sauran rayuwarsa ga aikin rage haɗari. Shi ne ya ƙago gangunan nan da ake cika wa yashi a jera a mararrabar manyan hanyoyin Amurka don su tsotse ƙarfin karo.

Marsandi ta ƙarasa shekarar. A watan Agusta Fangio da Moss suka zo na ɗaya da na biyu a Kristianstad ta ƙasar Suwidin. Ran 17 ga Satumba, ranar da Moss ya cika shekara 26, shi da Fitch suka ci tseren Tourist Trophy a Dundrod ta Ailan ta Arewa, motocin Marsandi suka kama matsayi uku na farko. A wannan tseren ma direbobi uku na waɗansu motoci suka mutu. Ran 16 ga Oktoba aka yi na ƙarshe, Targa Florio, a kan duwatsun tsibirin Sisili, zagaye 13 na hanya mai kilomita 72. Moss ya kauce hanya ya lotsa motar, aka fito da ita, shi da Peter Collins suka ci gaba har suka ci, Fangio da Karl Kling na biye. Wannan nasara ita ce ta ba Marsandi kambun duniya, ta wuce Ferrari da 'yar ƙaramar rata.

Kwanaki kaɗan bayan haka kamfanin ya ba da sanarwar barin tsere. Tun kafin haɗarin an riga an soma shawarar mai da injiniyoyi ga motocin kasuwa, amma abin da ya faru a Le Mans ya sa ba wanda ya yi jayayya. Sai da aka yi fiye da shekara 30 kafin sunan Marsandi ya koma babban fage, inda motar Sauber-Mercedes ta ci Le Mans cikin 1989.

Guda Biyu Masu Rufi

Su kuma motoci biyu masu rufi, waɗanda ƙofofinsu ke buɗewa sama kamar fikafikan tsuntsu, an ƙera su ne don tseren da ba a yi ba. Da aka bar gasa sai Uhlenhaut ya ɗauki ɗaya ya mai da ita motar zuwa ofis, shi ya sa ake kiran su da sunansa. Gudunta ya kai kimanin kilomita 290 a sa'a, a zamanin da motar gida mai yin 130 ake ce mata mai gudu. Ana ba da labari cewa wata rana ya makara zuwa taro, ya yi tafiyar da ke tsakanin Stuttgart da Munich, fiye da kilomita 200, cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci.

Ɗaya daga cikin biyun nan ce aka sayar cikin 2022 ta hannun kamfanin gwanjo na RM Sotheby's. Kamfanin Mercedes-Benz ya ce zai sa kuɗin a wani asusu na tallafa wa matasa masu karatu da bincike kan kare muhalli, ya kuma riƙe ta biyun a gidan tarihinsa. Mai lamba 722 ma tana hannun kamfanin. Moss ya rasu cikin 2020 yana da shekara 90, kuma a shekarar da ta biyo aka kai motar Landan ta yi yawon ban kwana har ƙofar gidansa.

Masu tara tsofaffin motoci sukan ce abu uku ke sa mota tsada, watau ƙarancinta, da gwanintar ƙirarta, da tarihinta. Wannan Marsandi ta haɗa duka ukun. Amma fa wanda ya sayi tarihi, dukansa ya saya. Ƙarfen da ya sa motar Moss ta yi sauƙin hawa duwatsun Italiya ran 1 ga Mayu, shi ne ya ƙi mutuwa da ya kama wuta ran 11 ga Yuni. Injiniyoyi sun ninka gudun mota kusan sau uku cikin shekara 30, masu kula da fili kuwa suka bar hanya da shinge yadda suka gaje su, sai da rayuka suka salwanta aka tuna cewa rigakafi ya fi magani. Daga cikin motoci tara da aka ƙera, takwas suna nan ana goge su ana kallo. Ta tara, mai lamba 20, abin da ya rage na tunawa da ita da mutanen da ta faɗa wa shi ne wani ƙaramin allo a jikin bango a Le Mans, mai ɗauke da kwanan watan.